Waiwaye: Neman gwajin da zai kama taifus na jeji tun a makon farko

Matsalar zazzaɓin taifus na jeji, wanda Japanawa ke kira tsutsugamushi, ita ce a kwanakin farko bai da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot ko dengi. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai kama da ɗan kaska ke yaɗa shi, daga Japan zuwa arewacin Ostireliya har Pakistan. Wurin cizon yakan yi baƙin ɓawo kamar ƙunar taba, amma ba kowa ke da shi ba.

Gwajin farko aro aka yi. Weil da Felix sun fito da nasu a 1916 domin wani nau'in taifus daban, sai a 1929 masu bincike a Malaya suka gano cewa wani irin ƙwayar bakteriya ta Proteus, mai suna OXK, yana dunƙulewa idan an haɗa shi da jinin masu wannan cuta. Gwajin yana da arha, amma yana ƙyale masu cutar da yawa. A 1963 aka samu gwajin IFA, wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Sai dai dukansu sawun garkuwar jiki suke bi, ita kuwa ba ta bayyana sosai sai ƙarshen makon farko. Kafin nan cutar tana iya taɓa huhu ko ƙwaƙwalwa. Renon ƙwayar da ke haddasa cutar domin a gano ta kuma yana cin makonni, a ɗakin gwaji mai tsauraran matakan tsaro.

Nan gwajin PCR ya sauya lissafi, domin ƙwayar kanta yake nema ta hanyar ninka DNA ɗinta. Masana a Japan na cikin waɗanda suka fara a farkon shekarun 1990, suna bin sashen DNA da ke samar da wani furotin na ƙwayar, mai suna 56-kDa. A 1995 aka raba ƙwayar da dangin Rickettsia, aka raɗa mata Orientia tsutsugamushi. A 2004 aka samu PCR mai ba da sakamako cikin sa'o'i, mai bin na wani furotin, 47-kDa, sannan LAMP, wata hanyar ninka DNA, wanda zafi ɗaya yake buƙata ba injin mai tsada ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. PCR na jini yana da ƙarfi a makon farko, daga nan ya fara rauni, musamman idan mutum ya riga ya sha doksisaikilin, maganin cutar. Ɓawon cizon yakan riƙe DNA ɗin fiye da jini, shi ya sa ake gwada shi idan akwai. Manomin da ke can ƙauye kuwa sau da yawa ba ya isa babban asibiti sai makon ya wuce, don haka likitoci ke haɗa PCR da gwajin IgM, mai bin sawun garkuwar jiki.

Ga kuma yawan ire-iren ƙwayar: Karp, Gilliam, Kato da sauransu. Binciken DNA ne ya nuna wani sabon jinsi, Orientia chuto, a jikin wadda ta kamu a Dubai, aka kuma tabbatar da cutar a tsibirin Chiloé na Chile. Gwajin da aka tsara domin ire-iren Asiya yana iya kasa ganin waɗannan.