Ma'anar "phrasal verb": aikatau da ɗan rakiyarsa a Turanci

Wani ƙanena ya taɓa samun saƙo a waya ana gobe za a yi masa intabiyu na neman aiki. Saƙon layi ɗaya ne: "The interview has been called off." Ya san "call" kira ne, "off" kuma ya saba ganinta a jikin makunnin fitila. Sai ya haɗa su a ransa, ya ɗauka gobe za a kira sunaye. Da asuba ya sa kaftaninsa da ya sha guga, ya hau mota daga Zariya zuwa Kaduna, ya tarar da ƙofa a garƙame, maigadi kaɗai a bakinta. "Call off" soke abu ne. An fasa intabiyun, an kuma sanar da shi, amma kalmomi biyu da ya sani sarai suka haɗu suka zame masa baƙi. Har yau abin yana min ciwo, domin yaro ne mai ƙoƙari. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa wannan ɓangare na Turanci.

Abin da malaman Turanci ke kira "phrasal verb" shi ne aikatau da aka maƙala wa wata 'yar ƙaramar kalma, irin su "up", "off", "out", "on", "in", "down", "back" da "over", su biyun su tashi da ma'ana guda. Ni nakan ce wa ƙaramar kalmar ɗan rakiya. Wani lokaci ma'anar a fili take: "sit down" zauna, "come back" dawo. Wani lokaci kuwa ko ka kwana kana duba kalmomin ɗaya bayan ɗaya a ƙamus ba za ka cim mata ba. "Give" bayarwa ce, "up" sama ce, amma "give up" haƙura ne ko daina abu, kamar mai barin shan taba.

Bahaushe bai kamata wannan ya tsorata shi ba, domin kullum haka muke magana. Ɗauki "ci gaba". Babu abin da ake ci, kuma ba gaban kowa ake nufi ba, amma yaro ɗan shekara biyar ya san ma'anarta. Takwararta a Turanci ita ce "go on" ko "carry on". Haka "ja baya", "sa baki", "sha kai", "ci amana". Baturen da ke koyon Hausa, in ya ji an ce wane ya sha kunu, zai fara neman kofi da ludayi, alhali ɓata rai ake nufi. Wahalar da yake sha a kan kunun ita muke sha a kan "put up with", wato jure wa abu ko haƙuri da mutum.

Akwai ma wata kama da ta fi wannan zurfi, ita ce ta fi burge ni. Aikin da ɗan rakiya ke yi a Turanci, sau da yawa ƙarshen aikatau ne ke yin sa a Hausa. Ci daban, cinye daban: na biyun yana nufin ba a rage komai ba. Bature zai ce "eat" da "eat up". Sha da shanye, "drink" da "drink up". Rijiya ta ƙafe, "the well dried up". Kuɗi sun ƙare ƙaf, an yi "use up" ɗinsu. Wato a wurare da dama "up" ba sama take nufi ba, cikar aiki take nunawa, daidai da wasalin nan na ƙarshen cinye, shanye, saye da ƙone. Ranar da na fahimci haka, kalmomi da yawa da na daɗe ina haddacewa da ƙyar suka zauna min daram.

Sai dai ba ko'ina dabarar ke aiki ba. "Look up" duba kalma ne a ƙamus. "Bring up" renon yaro ne, ko tayar da magana a taro. "Turn up" da "show up" isowa wuri ne. "Make up" kuwa fuskoki da yawa gare ta, ga uku daga ciki: ƙaga labarin ƙarya, shiryawa bayan an yi faɗa, sannan in ta zama suna, kwalliya.

Su kansu Turawan sun daɗe da sanin nan ne baƙo ke tuntuɓe. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambaci wannan haɗi na aikatau da ƙaramar kalma a matsayin abin da ya fi ba baƙi wuya a harshen. Tarihi kuma ya ƙara wani abu. Bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da Latin sun kwararo cikin Turanci, suka zama harshen fada, kotu da littafi. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗannan aikatau ke da tagwai mai babbar riga: "put off" da "postpone" duk ɗagewa ne, "find out" da "discover" ganowa, "go on" da "continue" ci gaba. Makarantunmu sun fi ba mu masu babbar rigar. Sai ka ga dalibi ya iya rubuta wasiƙar neman aiki tsaf, amma in ya kunna fim ko ya shiga hira da ɗan Ingila ko Amurka, rabin maganar ta wuce shi, domin a bakinsu na yau da kullum gajerun ne suka fi yawa.

Adadinsu ya kai dubbai, amma kada wannan ya karya maka gwiwa. A 2007 wasu masana biyu, Dee Gardner da Mark Davies, sun ƙirga su a cikin wata taskar Turancin Birtaniya mai kalmomi kusan miliyan 100. Sun gano cewa guda 25 kacal sun ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na duk wuraren da irin waɗannan aikatau suka fito, guda 100 kuma sun ɗauki fiye da rabi. "Go on" ce a kan gaba. Cikin na sahun farko akwai "carry out", aiwatarwa. "Set up", kafawa. "Pick up", ɗauka. "Point out", jawo hankali ga abu. Da "find out".

"Off" ta fi kowacce rikitarwa a ganina. "Take off" tashin jirgi ne, kuma tuɓe riga ko takalmi ne. "Put off" ɗagewa zuwa wani lokaci, "call off" sokewa baki ɗaya, kuma tsakanin biyun akwai kuɗin mota. "Go off" ta fi su: agogo ya buga, bam ya tashi, nono ya lalace, wuta ta ɗauke, duk da ita ake faɗa. Kalmomin da ke kewaye da ita ne za su nuna maka wadda ake nufi.

Game da jeri, wasu suna yarda a raba su. Kana iya cewa "turn off the radio" ko "turn the radio off". Amma in wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "turn it off", ba "turn off it" ba. Wasu ba sa rabuwa ko kaɗan, kamar "look after", kula da wani, da "run into", yin kiciɓis da mutum. Masu kalma uku ma a manne suke tafiya: "run out of", abu ya ƙare maka, "look down on", raina mutum, "look forward to", ɗokin zuwan abu. Wannan ta ƙarshen tana kayar da mutane a wasiƙa, domin "I look forward to seeing you" ake cewa, ba "to see you" ba. Sauyin lokaci kuma a jikin aikatau yake faɗawa, ɗan rakiya ba ya motsi: "give up" ta koma "gave up".

Turancin Najeriya yana da nasa salon, kuma ba abin kunya ba ne, amma ya kamata mai karatu ya san bambancin, musamman mai shirin WAEC, NECO ko JAMB. Mukan ce "off the light", mu yar da aikatau mu riƙe ɗan rakiya. A takardar jarrabawa "turn off" ko "switch off" ake so. Mukan ce mace ta yi "take in" idan ta samu juna biyu, alhali a Ingila ma'anarta fahimtar abu ne ko yaudarar mutum. "Cope up with" da ake yawan ji kuskure ne, "cope with" ce kawai. Ɗan bautar ƙasa da ya gama shekararsa yakan ce ya yi "pass out", kuma haka sojojin Birtaniya ke cewa idan sun kammala horo, amma a hirar yau da kullum in ka faɗa wa Ba'amurke haka, zai ɗauka suma ka yi.

Shawarar da nake ba ƙannena ita ce su daina haddace dogon jeri da fassara a gefe. Duk wanda ka ci karo da shi, rubuta jimlar gaba ɗaya yadda ka gan ta, sannan ka nemo abin da Bahaushe zai ce a wannan halin, ko da kalmomin ba su yi kama ba. Wayar da ke hannunka ma aji ce: "sign up" yin rajista, "log in" shiga, "log out" fita, "top up" sa kati, "hang up" katse kira, "back up" adana kwafin hotuna da lambobi, "shut down" kashewa. Wancan ƙanen nawa da su ya fara, a bangon baya na wani tsohon littafin lissafi, "call off" a layin farko da jan biro.