Wai "kantiri istet" ɗin da ake kai biki a Ingila rukunin gidaje ne?

Kwanan nan kalmar nan ta cika TikTok da Instagram, da zarar 'yar wani attajiri ta yi aure a Ingila sai ka ga an rubuta wai an yi dina a kantiri istet. Ni dai ban damu ba, sai ranar da na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo, cike da ƙwarin gwiwa, ya fassara shi da "rukunin gidaje na ƙasa". Wallahi sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Wato shi a ransa irin Gwarimpa ce ko Kundila, gidaje iri ɗaya a jere, ga get ga maigadi, kuma gwamnati ce ta gina.

To kantiri a nan karkara ake nufi, bayan gari, wannan mai sauƙi ne. Istet ɗin ce matsalar. Asalinta kalmar Latin ce, status, wato matsayin mutum, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci, kuma uwa ɗaya uba ɗaya suke da sitet ɗin da muke kira jiha. Su kuwa Turawan da, da filin da mutum ya mallaka ake auna matsayinsa, gonaki da kurmi da tafki har da ƙauyukan manoma masu biyansa haya duk shekara. Wannan filin shi ne istet, gidan kawai zaune yake a tsakiya yana cin abin da gonar ta kawo. In a Hausa ne babu abin da ya fi kusa da shi kamar gandu, irin gandun sarki, amma mu mun ɗauki sunan istet ɗin mun liƙa wa bulo da kwano a fili kamu biyu inda ko bishiyar darbejiya babu.

Ɗauki istet ɗin Blenheim da ke kusa da Oxford. Sarauniya Anne ce ta ba kwamandan sojojinta John Churchill filin tukuicin yaƙin da ya ci a 1704, aka fara gini 1705, a cikin gidan aka haifi Winston Churchill a 1874, lambun da ke kewaye da shi kaɗai ya kai eka 2,000. Yau in kana da kuɗi za ka kama zaure a ciki ka yi bikinka, kuma a nan shugabannin Turai sama da 40 suka yi taro ranar 18 ga Yulin 2024.

Abin da masu ɗora bidiyo ba sa tambaya shi ne me ya sa jikan basarake zai bar baƙi su zo suna rawa a falon kakansa. Ba karamci ba ne fa, babu ce ta kawo shi. Tun wajen ƙarshen shekarun 1870 alkamar Amurka mai arha ta karya farashi, hayar gona ta faɗi, sai ga harajin gado a 1894 yana ta hawa, sai yaƙin duniya har biyu, barori suka watse suka tafi aikin masana'anta. Da mai gidan Chatsworth ya rasu a 1950 kashi 80 cikin 100 na dukiyar aka nema haraji, sai da iyalin suka miƙa wa gwamnati wani gidansu sukutum, Hardwick Hall. Gidaje da yawa rushe su aka yi don babu mai iya gyaran rufi. Mai gidan Longleat shi kam zakuna ya kawo a 1966 mutane na biya suna kallo daga cikin mota. Harkar biki ma ba ta daɗe ba, sai da aka yi dokar aure ta 1994 kafin aka yarda a ɗaura auren hukuma a irin waɗannan wurare, da can sai coci ko ofishin rajista ko makamantansu.

Ni abin da ma ya fi tsaya min a wuya shi ne kalmar "mai tarihi" da masu gidajen suke mannawa a talla, mu kuma muna maimaitawa kamar wata albarka ce. Tarihin wa? A 2020 ƙungiyar National Trust, mai kula da ɗaruruwan irin wuraren nan, da kanta ta fitar da rahoto cewa 93 daga cikinsu na da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. Gidan Harewood da ke kusa da Leeds, wanda aka fara ginawa a 1759, da kuɗin rake aka tashe shi, raken da bayi 'yan Afirka suka noma a tsibiran Karibiyan. Da aka soke bauta a shekarun 1830 gwamnati ta biya mai gidan diyyar sama da fam dubu 26 a kan bayi fiye da 1,200 da ya rasa. Su bayin ko sisi ba a ba su ba.