Lord Denning

Alfred Thompson Denning (23 ga Janairu 1899 – 5 ga Maris 1999), wanda aka fi sani da Lord Denning, alƙali ne ɗan Ingila da ya yi shekara 38 a kan kujerar shari'a. Shekara 20 daga ciki ya yi su ne yana riƙe da muƙamin Master of the Rolls, wato shugaban ɓangaren ƙararrakin da ba na laifi ba a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila da Wales. Ya yi suna wajen fifita abin da yake gani adalci ne a kan hukunce-hukuncen magabata, halin da ya jawo masa yabo mai yawa da kuma suka mai zafi.

Tasowa da karatu

An haife shi a Whitchurch, wani ɗan ƙaramin gari a gundumar Hampshire. Mahaifinsa, Charles Denning, mai shagon sayar da yadi ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya taɓa gidan sosai: wansa Jack ya mutu a fagen daga a Faransa a 1916, wani wan nasa, Gordon, sojan ruwa, tarin fuka ya kashe shi a 1918. Sauran 'yan'uwansa maza biyu kuwa sun yi nisa a aikin soja, Reginald ya kai laftanar-janar, Norman kuma ya zama babban hafsa a rundunar ruwa.

Ba shari'a ya fara karantawa ba. Lissafi ya yi a Kwalejin Magdalen ta Jami'ar Oxford, yaƙi ya katse masa karatu ya shiga rundunar injiniyoyin soja, ya dawo ya gama da sakamako mafi daraja a 1920. Ya koyar da lissafi na shekara guda a Kwalejin Winchester, aikin bai kwanta masa ba, sai ya koma Oxford ya karanta shari'a. Ya zama lauya a 1923, ya sami matsayin Lauyan Sarki, wato babban lauya, a 1938, aka naɗa shi alƙalin Babbar Kotu a 1944.

Shari'ar da ta fito da shi

A 1946 aka kawo masa wata rigimar haya da ake kira shari'ar High Trees. A 1937 wani kamfani ya karɓi hayar wani babban gidan bene a unguwar Clapham ta Landan a kan fam 2,500 a shekara, da niyyar ya zuba 'yan haya. Da yaƙi ya ɓarke mutane suka watse daga Landan, ɗakuna suka zauna wayam, sai masu ginin suka amince a 1940 a riƙa biyan rabi, fam 1,250. Zuwa 1945 gidan ya sake cika, masu ginin suka nemi a koma tsohon farashi. Denning ya ba su gaskiya a kan wannan. Amma ya ƙara da cewa da kuɗin shekarun yaƙi suka nema, da ba su samu ba, domin wanda ya yi alkawari da nufin a dogara da shi, aka kuma dogara, ba shi da damar janyewa, ko da ba a ba shi komai a madadin alkawarin ba.

A wancan lokaci dokar kwangila ta Ingila ba ta ɗaukar irin wannan alkawari da muhimmanci. Abin lura shi ne babu wanda ya nemi wannan ƙarin bayani daga gare shi, amma shi ne ya zama ƙa'idar da ake koya wa ɗaliban shari'a har yau.

Ya hau Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1948, sannan a 1957 ya shiga sahun alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. A 1962 ya yi abin da ba kasafai ake yi ba: ya sauko ƙasa ya karɓi shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara. A can ƙararraki sun fi yawa, alƙalai uku ke zama maimakon biyar, saboda haka mutum ɗaya kawai yake bukatar ya shawo kansa.

Takun-saƙa da kotun sama

Tsarin shari'ar Ingila ya ginu ne a kan bin sawun hukuncin da ya gabata. Da malamin fiƙihu ne zai kwatanta Denning, sai ya ce mutum ne mai son ijtihadi a cikin gidan taƙlidi. Wani lokaci ya ci riba. A 1951 shi kaɗai ya saɓa wa abokan zamansa, ya ce akantan da ya ba da bayanin kuɗi cikin sakaci har wani ya yi asara, ya kamata ya ɗauki alhaki. Bayan shekara 12 kotun ƙoli ta dawo kan ra'ayinsa. A 1952 ya ba matar da miji ya gudu ya bari haƙƙin zama a gidan aure. Kotun ƙoli ta rushe wannan a 1965, amma majalisar dokoki ta mayar da shi doka a 1967. A ƙarƙashinsa ne kuma, a 1975, kotu ta fara ba da umarnin hana wanda ake ƙara kwashe dukiyarsa zuwa waje kafin a yanke hukunci. Sau da yawa kuwa alƙalan sama sun soke hukuncinsa tare da jan kunne, suna cewa yin doka aikin majalisa ne.

Salon rubutunsa ya taimaka wa shahararsa. Gajerun jimloli yake yi, yana buɗe hukunci kamar mai ba da labari, yana kiran masu ƙara da sunayensu. A 1963 Firaminista Harold Macmillan ya ba shi binciken abin kunyar ministan yaƙi John Profumo, rahoton da ya rubuta aka yi ta rububin sayensa, har aka sayar da sama da kwafi 100,000.

Alaƙa da Afirka ta Yamma

Da wuya a sami lauyan Najeriya da bai haddace kalamansa na shari'ar Macfoy da kamfanin UAC ba, wadda ta taso daga Saliyo, aka yanke ta a Landan a 1961. A nan ne ya ce ba a ɗora abu a kan babu a sa ran zai tsaya, rushewa zai yi. Ana yawan kafa hujja da wannan idan ana so a nuna cewa matakin da tun asali ba shi da inganci yana ɓata duk abin da ya biyo bayansa. Sai dai a shari'ar kanta kotu ta ce kuskuren da aka yi bai kai ga ɓata ƙarar ba, Macfoy ya faɗi.

Ta biyu ita ce shari'ar kamfanin Trendtex da Babban Bankin Najeriya a 1977. Ta samo asali ne daga badaƙalar siminti ta 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas ba wurin sauke kaya. Kamfanin na da hannu a cinikin tan 240,000, bankin ya ƙi biya, ya ce shi reshen gwamnati ne, kotun wata ƙasa ba ta da hurumi a kansa. Denning ya ce gwamnatin da ta shiga kasuwa, dokar kasuwa ce za ta hau kanta. A 1978 Birtaniya ta kafa doka a kan wannan turba.

Tabo

A 1980 wasu mutum shida da aka ɗaure bisa zargin tayar da bama-baman Birmingham na 1974, waɗanda suka kashe mutum 21, suka kai ƙarar 'yansanda cewa duka aka yi musu har suka amsa laifi. Denning ya hana ƙarar ci gaba. Hujjarsa ita ce idan suka yi nasara, ma'anarsa 'yansanda sun yi rantsuwar ƙarya, kuma wannan abu ne mai munin da ba za a bari a kai gare shi ba. A 1991 aka wanke mutanen, bayan sun shafe shekara 16 a kurkuku. Alƙalin da ya yi suna wajen tsaya wa mai ƙaramin ƙarfi, a nan hukuma ya tsaya wa.

A 1982 ya wallafa littafin da a ciki ya nuna shakku kan cancantar wasu baƙaƙen fata da baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe su zauna cikin ayarin jama'ar gari masu yanke hukunci a kotu. Mutum biyu daga cikin irin wannan ayari da suka zauna a shari'ar wata tarzoma da aka yi a garin Bristol suka yi barazanar kai shi ƙara, aka janye littafin daga kasuwa, ya nemi afuwa, ya ajiye aiki a shekarar yana da shekara 83. Dokar ritayar alƙalai a shekara 75 ba ta shafe shi ba, domin an naɗa shi kafin a kafa ta a 1959.

Ya koma Whitchurch da zama. A 1997 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi lambar girma ta Order of Merit. Ya rasu a asibiti a Winchester, mako shida bayan ya cika shekara 100.