Dabarun Aikin Ɗan Sanda da Kare Kai

Dabarun aikin ɗan sanda da kare kai fanni ne da ya haɗa horon jiki, sarrafa zuciya da sanin doka, waɗanda jami'in tsaro ko farar hula ke buƙata domin ya fita daga haɗari lafiya ba tare da ya yi wa kowa illar da ta wuce kima ba. Da an ambaci fannin, bindiga da naushi ne ke fara faɗo wa mutane a rai. Masu koyar da shi kuwa sun fi ba da ƙarfi ga abin da ke wakana kafin hannu ya kai ga jiki, wato hango fitina tun tana nesa, barin tazara, da iya baki.

Asali da wuraren horo

Kafin zuwan Turawa, dogaran sarakuna ne ke kama mai laifi a ƙasar Hausa. A zamanin En'e aka samu 'yan doka. An kafa Rundunar 'Yan Sandan Najeriya a 1930 bayan haɗe rundunonin Arewa da Kudu, sannan bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da 'yan dokar En'e cikin rundunar tarayya. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi runduna guda ɗaya ga ƙasar baki ɗaya.

Kaduna, tsohuwar hedikwatar Arewa, tana da Kwalejin 'Yan Sanda inda ake horar da kurata, kamar takwarorinta na Ikeja, Maiduguri da Oji River. Masu shiga a matsayin hafsoshi kuma Wudil suke zuwa a jihar Kano. A 2016 jihar Kaduna ta yi dokar kafa hukumar 'yan sintiri ta KADVS, kuma a 2023 gwamnatin Uba Sani ta ƙaddamar da horar da sababbin 'yan sintiri 7,000 a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna.

Lura da abin da ke kewaye

Jeff Cooper, wani tsohon sojan Amurka, ya kasa halin ankarar mutum zuwa launi huɗu. Fari shi ne halin shagala, kamar mai tafiya a tashar Kawo da magariba ido na kan waya, kunnuwa a toshe da abin sauraro. Rawaya ita ce nutsuwa tare da lura: mutum na cinikinsa a Kasuwar Barci amma ya san wa ke bayansa, ya kuma san ta ina zai fita. Ruwan lemo shi ne lokacin da wani abu takamaimai ya ja hankali, misali babur ɗauke da samari biyu da ya wuce ya sake dawowa. Ja kuwa haɗari ya tabbata, sai a aiwatar da abin da aka riga aka ƙudurta. Abin da ake so shi ne zama a rawaya a duk lokacin da ake waje. Wannan ba zargin kowa ba ne, kuma wanda ya mai da shi zaman ɗar-ɗar ya ɓata darasin, domin gajiya za ta kayar da shi kafin mugu ya iso.

Ɗan sanda yana koyon duban hannu kafin fuska, saboda hannu ne ke riƙe wuƙa. Yana kuma koyon sanin yadda unguwa take a ranar da lafiya lau, domin da haka ake gane ranar da wani abu ya sauya: mai shayin da ya rufe da wuri, layin da yara suka watse ba dalili.

Jiki a lokacin firgici

Idan mutum ya ga mutuwa ido da ido, jiki yana sako sinadarin adiranalin. Zuciya ta riƙa dukan uku-uku, yatsu su kasa ƙananan ayyuka irin su buɗe ankwa ko danna lambar waya, gani ya takure kan abu ɗaya, kunne ya daina ɗaukar wasu sautuka. Wani ya gudu, wani ya afka, wani ya sandare a tsaye. Babu ragwanta a cikin wannan, halitta ce, kuma tana kama jarumi kamar yadda take kama kowa.

Maganinta biyu ne. Na farko maimaita horo har jiki ya haddace motsi kaɗan masu sauƙi, domin a lokacin tashin hankali mutum ba ya ƙirƙiro gwanintar da bai taɓa gwadawa ba. Na biyu sarrafa numfashi: a shaƙa ana ƙirga huɗu, a riƙe huɗu, a fesar huɗu, a dakata huɗu. Yin hakan sau kaɗan yana sassauta bugun zuciya. Jami'in da ya san wannan game da jikinsa ya fi zama amintacce ga jama'a, domin tsoro da fushi ne ke sa a taɓa kunamar bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Tazara da mafaka

A 1983 wani sajen 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai riƙe da wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21, kimanin mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da jami'i ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin izinin harbi, kuma kuskure ne babba. Darasin shi ne a ja baya, a sa mota ko teburi a tsakani, a sayi lokaci. Ana kuma bambanta abin da ke ɓoye mutum da abin da ke tare harsashi: zana, kwano da ƙofar mota suna ɓoyewa kawai, katangar kankare da injin mota su ne mafaka.

A shingen bincike, ƙa'idar ita ce jami'i ɗaya ya yi magana da direba, ɗaya ya tsaya gefe yana tsaron abokinsa, bai karɓar takarda, bai shiga musu, yatsansa ba a kan kunama ba, bakin bindiga a ƙasa.

Iya baki

Wannan ne makamin da ɗan sanda ya fi amfani da shi a rana, shi ne kuma aka fi rainawa. A ɗauki rigimar mai Keke Napep da mai mota a kan titin Ahmadu Bello, jama'a sun taru, murya ta hau. Ƙwararren jami'i yakan fara da sallama, ya raba mutanen biyu yadda ba sa kallon juna, ya ce wa dattijon, “Alhaji, a yi haƙuri, a zo nan gefe a faɗa mini yadda aka yi,” ya ce wa matashin, “Malam, kashe mashin ɗin, zan saurare ka.” Ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, ya maimaita masa abin da ya ji, sannan ya faɗi mataki na gaba. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, a gajarce, ba zagi. Bahaushe ya fi jin zafin a ci masa mutunci a bainar jama'a fiye da tarar da za a ci shi, saboda haka wanda aka bar wa ƙofar fita da girmansa yakan sauko da kansa. A unguwanni irin Rigasa da Tudun Wada, jami'in da ya san mai unguwa, limami da shugaban 'yan kasuwa yana kashe wutar da motar sintiri biyu ba za su kashe ba.

Ƙarfi da iyakar doka

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindiga, waɗanda aka amince da su a Havana a 1990, sun ce a fara da hanyoyin lumana, ƙarfi ya yi daidai da girman barazana, kuma kada a yi harbin kisa da gangan sai idan babu wata hanyar ceton rai. A 2019 rundunar Najeriya ta sabunta umarninta mai lamba 237 kan amfani da makami, a 2020 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar 'yan sanda. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta duka domin tatsar bayani. Matakan suna hawa ne daga bayyanar jami'i da kaki, zuwa magana, riƙo da hannu, kulki ko barkonon tsohuwa, bindiga a ƙarshe, kuma da zarar tirjiya ta tsaya, ƙarfi ma ya tsaya. Wanda aka sa wa ankwa ba a barinsa kife ana danne masa baya ko wuya, domin numfashi na iya yankewa. Mutuwar George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya danne wa wuya a birnin Minneapolis na Amurka, da zanga-zangar da ta kai ga rushe SARS, rundunar 'yan sandan Najeriya mai yaƙi da 'yan fashi, a watan Oktoba, duk a 2020, sun nuna abin da ke biyo baya idan jama'a suka daina yarda da mai kaki.

Farar hula

Sashe na 33 na tsarin mulki da dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960 kuma jihar Kaduna ta sabunta tata a 2017, sun amince mutum ya kare kansa, ya kare wani, ya kare dukiya. Sharaɗin shi ne kada ya wuce abin da ya zama dole, kuma haƙƙin yana ƙarewa idan barazanar ta kau. Ɓarawon da aka riga aka kama, dukansa har lahira laifin kisa ne, ko mutum nawa suka taru a kai. Mallakar bindiga, har da ta toka, sai da lasisi a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959.

Ga wanda 'yan shara, wato 'yan daba, suka tare da wuƙa domin wayarsa, shawarar masana ita ce ya miƙa ta, ya lura da kamanni, ya bar wurin, ya kai rahoto caji ofis. Ana tirjewa ne idan rai ko mutuncin jiki ake nema, kuma ko a nan manufar ita ce a samu sararin tserewa: ihu, ture hannu, gudu zuwa inda haske da mutane suke. Dambe da kokawa suna koyar da tsayuwa da jure bugu, amma a fage akwai alƙali da makaɗa, a lungu kuwa abokin gaba na iya zama mutum uku.

Ya kamata kowa ya iya tsayar da jini: a danna rauni da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ba a ɗagawa ana leƙawa, a kira lambar gaggawa ta 112. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.