Waiwaye: Yadda garin da ɗalibi ya samu aiki ya shiga lissafin izinin zama na dindindin

Idan yaro ya gama Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi (ATBU) ko Jami'ar Jihar Gombe ya samu gurbin digiri na biyu a waje, tambayar da ake yi a gida ita ce wace ƙasa. Da wuya a tambayi wane gari. In ma an tambaya, don a ji ko akwai ɗan uwa ne a can da zai sauke shi. Alhali a Kanada da Ostiraliya, garin da ya kama aiki bayan karatu kan yi tasiri kusan daidai da takardar da ya ƙare da ita.

Abin ya samo asali ne daga cunkoso. Shekara da shekaru yawancin baƙin da ke shiga Kanada suna tarewa ne a Toronto da Bankuba da Montiriyal, ƙananan larduna kuwa matasansu na gudu, tsofaffi na ƙaruwa. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin tarayya ta fara bai wa larduna damar zaɓen baƙin da suke buƙata, Manitoba ce ta fara cin moriyar abin sosai. Da aka kawo tsarin Express Entry a Janairun 2015, wanda ke auna mai neman izinin zama na dindindin da maki 1,200, sai aka ware maki 600 cur ga wanda lardi ya tsaya masa. Wato rabin makin a hannun lardi yake. Mai digiri na biyu da ke jiran sa'a a Toronto sai ya ga wanda bai kai shi karatu ba ya wuce shi, don kawai yana aiki a inda ake neman hannu.

Sai dai an gano wata ɓaraka. Kundin tsarin mulkin Kanada ya bai wa mai izinin dindindin 'yancin zama a duk lardin da ya ga dama, don haka wasu da zarar takarda ta fito sai su haɗa kaya su koma birni. Shirye-shiryen da suka biyo baya sun jingina ne da aiki a wurin. Na lardunan gaɓar Atilantika huɗu ya fara a matsayin gwaji a 2017, ya tabbata a 2022. Na ƙauyuka da arewacin ƙasar ya fara a 2019, aka rufe shi a 2024, wani mai garuruwa 14 ya maye gurbinsa a farkon 2025.

Ostiraliya ta fi fito da maganar fili. Tun Nuwamban 2019 duk inda ba Sidni ko Melbon ko Birisben ba, a wajen hukumar shige da fice karkara ne, har da Perth mai mutum sama da miliyan biyu. Mai biza ta 491, wato bizar wucin gadi ta ƙwararrun da za su zauna a karkara, sai ya shekara uku yana zaune yana aiki a irin waɗannan yankuna kafin ya nemi ta dindindin. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan bautar ƙasa na fafutukar a sauya masa wuri daga Toro ko Dukku zuwa Abuja ya san irin wannan zaman na dole.

Birtaniya ba ta duba gari a dokarta, albashi take dubawa. Bizar shekara biyu ta bayan karatu da ta dawo a 2021 ba ta shiga lissafin shekarun neman zama na dindindin, sai an koma ta ƙwararrun ma'aikata, wadda mafi ƙarancin albashinta na gama-gari ya tashi zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024.

A ganina, haɗarin da iyaye ba sa hangowa shi ne ƙofar nan ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kanada ta taƙaita bizar karatu a Janairun 2024, sannan ta rage yawan baƙin da larduna za su zaɓa daga 110,000 a 2024 zuwa 55,000 a 2025. Wanda aka sayar da fili aka tura shi Manitoba bisa lissafin 2023, ya gama karatu ya tarar da layi ya ninka, gurabe sun ragu da rabi.