Alpine A110

Alpine A110 ƙaramar motar gudu ce mai kujera biyu da ake ƙerawa a Dieppe, wani gari na bakin teku a yankin Normandi da ke arewacin Faransa. Motoci biyu ne ke ɗauke da wannan suna. Ta farko, wadda Faransawa ke kira Berlinette, an yi ta daga farkon shekarun 1960 zuwa 1977, kuma ita ce ta ci gasar rali ta duniya (tseren da motoci ke yi ɗaya bayan ɗaya a kan hanyoyin gama-gari, ana auna lokacinsu) a karon farko da aka shirya ta, a 1973. Ta biyu ta fito a 2017, bayan sunan Alpine ya shafe fiye da shekara ashirin a ajiye. Babu ɗayarsu da aka ƙera da yawa, kuma babu wadda ta fi tsararrakinta ƙarfin inji. Abin da ya ɗaga su a idon masu su da injiniyoyin mota shi ne rashin nauyi, da irin yadda rashin nauyin ke sa mota ta bi hannun direba a kwana.

Jean Rédélé da kafa kamfanin

An haifi Jean Rédélé a Dieppe a 1922. Mahaifinsa, Émile, bakanike ne da ya yi aiki da motocin tseren Renault kafin ya buɗe garejin sayar da motocin kamfanin a garin. Jean ya yi karatun kasuwanci a makarantar HEC ta Paris, ya dawo gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya tarar da garejin ya lalace, ya sake tada shi. Yana da kimanin shekara 24 ya zama dillalin Renault mafi ƙarancin shekaru a Faransa.

Daga 1950 ya fara shiga tsere da Renault 4CV, motar talakawa mai inji a baya wanda girmansa bai kai lita ɗaya ba. Ya yi ta gyara ta, yana rage mata nauyi, ya sa mata akwatin giya mai hawa biyar, har ya ci rukuninsa a tseren Mille Miglia na Italiya da kuma Coupe des Alpes, wanda ake yi a kan hanyoyin tsaunukan Alps. Daga waɗannan tsaunuka ya ɗauko sunan kamfaninsa da ya kafa a 1955. Motarsa ta farko, A106, kayan 4CV ce aka lulluɓe da jikin faiba wanda 'yan'uwan Chappe suka ƙera. A108 ta biyo baya da injin Renault Dauphine, kuma a kanta aka fara amfani da ƙashin da ya zama alamar Alpine: bututun ƙarfe guda mai kauri da ya ratsa tsakiyar motar daga gaba zuwa baya, kamar ƙashin baya, sauran kaya duk suna rataye a jikinsa.

Tunanin Rédélé bai canza ba har ya bar kamfanin. Yakan ɗauki inji da giya da birki na motar da kowane bakanike a Faransa ya sani, ya ɗora su a jiki mara nauyi. Hakan ya sa farashi bai yi tsanani ba, kuma mai motar na iya kai ta garejin Renault na garinsu a gyara masa.

Berlinette

An nuna A110 a bikin baje kolin motoci na Paris a ƙarshen 1962, aka fara sayar da ita sosai a 1963, ko da yake wasu littattafai na ƙirga farkonta daga 1961. Kayanta na Renault 8 ne, abin da ya ba ta birkin faifai a dukkan tayoyi huɗu, wanda ba kasafai ake samu a ƙananan motocin wancan zamani ba. Ana danganta siffarta ga mai zanen motoci ɗan Italiya Giovanni Michelotti, wanda ya yi wa Rédélé aiki tun a motocin baya.

Mota ce ƙanƙanuwa matuƙa. Tsawonta bai kai mita huɗu ba, tsayinta daga ƙasa kuwa kimanin mita 1.13, wato da kaɗan rufinta ya wuce ƙugun dogon mutum. Nauyinta na wajen kilo 700, gwargwadon inji da kayan da aka sa mata. Injin na zaune a can bayan tayoyin baya, don haka nauyi na danna tayoyin da ke tura motar, su kama ƙasa ko a kan dusar ƙanƙara ko tsakuwa. Wannan tsari na da haɗari ga wanda bai saba ba, domin bayan motar na son ya zame waje a kwana. Ƙwararrun direbobi sun mai da wannan zamewar makami: sukan jefa motar a karkace tun kafin kwanar, su fita da ita da totur. Hotunan Berlinette shuɗiya tana tafiya a gicciye a kan ƙanƙara su ne suka kafa mata suna a Faransa.

Injin farko bai kai lita ɗaya ba. A hankali aka kai 1100 (wato lita 1.1), sannan 1300 da gyaran Amédée Gordini, ƙwararren mai gyaran injinan tsere, sannan 1600 da aka ɗauko daga Renault 16. Samfurin 1600S, wanda masu tara motoci suka fi nema a yau, yana da ƙarfin doki 138 a ma'aunin lokacin, yana kuma wuce kilomita 200 a sa'a. Motocin da kamfani ke tsere da su sun kai lita 1.8. A 1969 aka buɗe sabuwar masana'anta a titin Bréauté na Dieppe, wadda har yanzu take aiki. Jimillar Berlinette da aka ƙera a Faransa ta kai kimanin 7,500 kafin a tsayar da ita a 1977.

An kuma ƙera ta da lasisi a ƙasashen waje. Kamfanin FASA ya yi ta a Valladolid ta Sifaniya har zuwa 1978, a Meziko ana kiranta Dinalpin, a Bulgeriya kuma an haɗa 'yan kaɗan da sunan Bulgaralpine a ƙarshen shekarun 1960. Willys Interlagos ta Brazil daga A108 ta samo asali. Jandarmomin Faransa ma sun yi amfani da Berlinette wajen bin masu gudun wuce sa'a a manyan tituna.

Shekarun rali

Daga 1968 Renault ta ɗora wa Alpine nauyin wakiltar ta a tsere, kuɗi suka shigo, aka tara direbobi ƙarƙashin jagorancin Jacques Cheinisse. Huɗu daga cikinsu, Jean-Claude Andruet, Bernard Darniche, Jean-Pierre Nicolas da Jean-Luc Thérier, sun yi suna har jaridun Faransa suka laƙaba musu Mousquetaires, sunan jaruman wani sanannen labarin Faransa. A ralin Monte Carlo na 1971, Ove Andersson ɗan Suwidin ya zo na ɗaya da A110, Thérier na biyu, Andruet ya raba na uku da wata Porsche. A shekarar Alpine ta ɗauki kofin ƙasa da ƙasa na kamfanonin ƙera motoci.

Shekarar 1973 ce ƙololuwa. An buɗe sabuwar gasar rali ta duniya da Monte Carlo, Andruet ya ci, tare da mataimakiyarsa Michèle Petit da aka fi sani da Biche, Andersson da Nicolas suka biyo shi. Cikin zagaye 13 na shekarar Alpine ta ci 6: Monte Carlo, Fotugal, Maroko, Acropolis ta Girka, Sanremo ta Italiya da Tour de Corse na tsibirin Corsica na Faransa. Nasarar Darniche a Maroko ta fi ba da mamaki, domin hanyoyin can duwatsu ne da ƙura masu karya manyan motoci, ga shi ana ganin Berlinette abar kwalta ce mai rauni. Thérier ne ya ci uku daga cikin shidan, amma a lokacin babu kofin direbobi, kamfani kaɗai ake naɗawa. Da yawa daga masu bin tarihin rali na ganin da akwai kofin, shi zai ɗauka.

Mulkin bai daɗe ba. A 1974 Lancia Stratos ta shigo, mota da aka zana tun daga tushe don rali, da injin Ferrari a tsakiya, kuma Berlinette mai shekara goma sha biyu ba ta iya kamo ta ba. Duk da haka ta ci gaba da zama makarantar matasan direbobi. Michèle Mouton, wadda daga baya ta zama direba mace ta farko da ta ci zagayen gasar duniya, da A110 ta fara tuƙi a rali.

Tsakanin 1973 da 2012

Tsadar mai ta 1973 ta daki kasuwar motocin gudu, Renault ta sayi mafi yawan hannun jarin Alpine a shekarar, Rédélé ya bar kamfanin a 1978. A wannan shekara ce Alpine A442B ta ci tseren sa'o'i 24 na Le Mans a hannun Didier Pironi da Jean-Pierre Jaussaud. Motocin da suka gaji Berlinette, wato A310 da GTA da A610, sun fi ta girma da nauyi, suka shiga gasa da Porsche ba su yi nasara ba. A610 ba ta kai guda 1,000 ba aka tsayar da ita a 1995, sunan ya kwanta. Masana'antar Dieppe ta rayu da haɗa motocin Renault Sport. Rédélé ya rasu a 2007.

Sabuwar A110

A ƙarshen 2012 Renault ta sanar da haɗin gwiwa da kamfanin Caterham na Ingila don ƙera mota tare. Carlos Tavares, na biyu a Renault a lokacin kuma mai shiga tsere don sha'awa, yana cikin waɗanda suka matsa a yi. Haɗin ya rushe a 2014, Renault ta ci gaba ita kaɗai. Antony Villain ya jagoranci zane, David Twohig ɗan Ayilan ya jagoranci injiniyoyi, aka nuna motar a bikin baje kolin motoci na Janiba a watan Maris na 2017. Rukunin farko guda 1,955 ne, don tunawa da shekarar kafa kamfanin, kuma an kama su duka cikin kwana biyar da buɗe rajista.

Jiki da ƙashinta na alminiyam ne. Injin lita 1.8 mai turbo ya koma tsakiya, bayan kujeru, yana ba da ƙarfin doki 252 ta akwatin giya mai hawa bakwai mai canza kansa. Nauyinta kimanin kilo 1,100, ƙasa da Porsche Cayman da 'yan ɗaruruwan kilo. An yi ta ƙirga kowane kaya: kujerar Sabelt guda kilo 13.1 ce kacal. Tana kai kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 4.5. Da yake ba ta da nauyi, ba ta bukatar sifirin mai tauri ko faffaɗan taya, don haka takan bi gargadar hanya a hankali, ta ɗan kwanta a kwana yadda direba zai ji abin da tayoyi ke yi. Daga baya an fito da A110 S da GT da R, ƙarfin ya kai doki 300.

Karɓuwa

Shaida mafi nauyi a kan motar ta fito daga Gordon Murray, injiniyan da aka haifa a Afirka ta Kudu, wanda ya zana motocin Formula 1 na Brabham da McLaren, ya kuma ƙera motar titi mai suna McLaren F1. Murray ya sayi A110 da kuɗinsa yana hawa yau da kullum, ya bayyana a fili cewa ba ta da tamka wajen haɗa taushin tafiya da bin kwana, kuma injiniyoyinsa sun yi nazarin ta a matsayin ma'auni lokacin da suke ƙera T.50, motar gudu ta kamfaninsa. A baya Honda NSX ya ɗauka ma'auni sa'ad da yake yin McLaren F1, don haka yabonsa ba abu ne da yake rabawa kowa ba. James May, mai gabatar da shirye-shiryen mota a talabijin na Birtaniya, shi ma ya sayi tasa. Mujallar Autocar ta ba ta cikakkun taurari biyar, a zaɓen motar shekara ta Turai na 2019 kuma ta yi kunnen doki da Jaguar I-Pace da maki 250, aka raba gardama Jaguar ta ɗauka. Wata motar gwaji ta kama wuta a farkon 2018 ana ɗaukar shirin talabijin na motoci mai suna Top Gear, amma hakan bai rage mata farin jini ba.

Yabon bai zama ciniki mai yawa ba. 'Yan dubbai ake sayarwa a shekara, akasari a Faransa, sai Jamus da Birtaniya da Japan, kuma ba a kai ta kasuwar Amurka ba. Masu suka na ambaton rashin giyar hannu, ƙarancin wurin kaya, maɓallan da aka ɗauko daga motocin Renault na gama-gari, da ƙarancin garejin da ke kula da ita. Masu motar ba sa musun yawancin wannan. Ƙarancinta ma ya ƙara haɗa kansu: akwai ƙungiyoyin masu Alpine a Faransa da Jamus da Birtaniya da Japan, tsofaffin ma'aikatan Dieppe na da tasu ƙungiyar, kuma a bikin cika shekara 60 a 2015 da na 70 a 2025 ɗaruruwan motoci, tsofaffi da sababbi, galibi shuɗɗa, sun cika filin bakin tekun garin. Berlinette ta asali mai tarihin tsere ta yi tsada sosai a gwanjo, kuma da yake an yi ta sauya wa motocin inji da jiki tsawon shekaru, tantance ta gaskiya aiki ne na ƙwararru.

Halin yanzu

A 2021 ƙungiyar Renault ta Formula 1 ta koma suna Alpine, jandarmomin Faransa kuma suka yi odar sabuwar A110 guda 26. A 2022 aka sa wa masana'antar Dieppe sunan Jean Rédélé. Kamfanin ya sanar cewa zai daina ƙera mai amfani da fetur a 2026, kuma magajiyarta da lantarki za ta yi aiki.