Burito ba nama: naɗin wake da ganye don ranar da lokaci ya ƙure

Jama'a, a gidan da yara ke dawowa daga makaranta da yunwa, uwa kuma ta dawo daga aiki ko kasuwa a gajiye, abin da ya fi saurin hawa wuta shi ne taliyar leda. In ba ita ba, biredi da lemon kwalba. Ba laifi ba ne a ci su jefi-jefi, amma in suka zama abincin kullum, ciki ne kawai ke cika. Sitaci ne da mai da gishiri, babu ganye, abin gina jiki kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Shi ya sa a wannan karo nake so mu duba wani abincin mutanen Meksiko da ake kira burito. In an yi masa shiri tun da wuri, haɗa shi ba ya wuce minti goma, kuma ba ya neman ko yanka ɗaya na nama.

Burito abincin arewacin Meksiko ne, yankin jihohin Chihuahua da Sonora, musamman birnin Juarez da ke bakin iyaka da Amurka. Sauran Meksiko da masara aka san su, amma mutanen arewa sun rungumi alkama tun bayan da Turawan Sifen suka kai ta can a ƙarni na 16. Da garinta suke yin wani siririn fai-fai mai laushi da suke kira tortiya, su zuba abinci a tsakiya su naɗe. Wanda ya san shawarma ya san siffarsa. Na asali siriri ne, abu ɗaya ko biyu ake sa masa, sau da yawa dafaffen wake da cuku kawai. Ƙaton nan da ake gani a hotuna, wanda aka cusa wa shinkafa da nama da kirim har sai an riƙe shi da hannu biyu, a unguwar Mission ta birnin San Francisco da ke Amurka ya yi suna daga shekarun 1960. Irin wannan na gidajen abinci yakan haura kalori 1,000, gishirinsa kuma ya kusa cinye rabon mutum na yini ɗaya. Ba shi nake tallata muku ba. Na gida nake nufi, wanda ku ne ke da iko da abin da ya shiga cikinsa.

Kafin in wuce, ga wata sanarwa ga 'yan uwa da ke karatu ko zama a Amurka da makwabtanta. A girkin gargajiya na Meksiko, da kitsen alade ake kwaɓa tortiyar alkama, da shi kuma ake soya dagargajajjen wake. Don haka rashin ganin nama a cikin burito ba ya nufin babu alade. A tambaya kafin a saya, a kuma karanta jikin leda ko gwangwani. A gida man gyaɗa ko man waken suya ya wadatar.

Wake shi ne ƙashin bayan wannan abinci, don haka a kansa zan fi daɗewa. Mutanen Meksiko da nasu wake suke amfani, baƙi ko mai ɗige-ɗige, wanda asalinsa daga nahiyarsu ne. Namu wani jinsi ne daban, amma yana yin aikin sarai, fari ko ja, kuma babu dalilin kashe kuɗi a kan na gwangwani alhali Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin namu, Nijar na biye da ita. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 13 zuwa 15. Furotin ɗin wake yana da wadatar wani sinadari da ya yi ƙaranci a hatsi, hatsi kuma yana da wanda ya yi ƙaranci a wake. In suka haɗu, kowanne ya cike giɓin ɗan uwansa. Tortiyar alkama da wake ke nan. Ga kuma ɓawon wake, wanda ke rage saurin hawan suga a jini bayan cin abinci, yana sauƙaƙa bayan gida, yana sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Saboda haka ba a surfa waken burito kamar na ƙosai ko alala. Da ɓawonsa ake dafa shi.

A tsince shi, a wanke da kyau, a jiƙa tun dare. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, a sake sabo. Wannan zubarwar tana rage kumburin ciki da iskar da ke sa wasu gudun wake, tana kuma rage lokacin dahuwa da itace ko gas ɗin da za a ƙona. Na san hannu ya saba kai wa kanwa don ya yi saurin nuna. A daure a bar ta, ko a rage ta ƙwarai. Kanwa tana lalata wani ɓangare na bitamin B da ke cikin wake, kuma tana ɗauke da sodiyam, sinadarin nan na gishiri da muke roƙon masu hawan jini su rage. Waken da ya kwana a ruwa ba ya buƙatarta.

Wanda ya samo jan waken waje mai siffar ƙoda ya kula: ɗanyensa ko wanda bai dahu ba yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa. Bayan jiƙo, dole ya tafasa da ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin a rage wuta ya ƙarasa. Namu kuma matsalarsa daban ce, wato maganin ƙwari da wasu 'yan kasuwa ke zuba masa a rumbu. Abin ya kai ga Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa. Waken da ke warin magani a bar wa mai shi. Manoma da masu ajiya kuma su nemi buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake kira PICS, da ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba.

In wake ya nuna lugub, a soya albasa da tafarnuwa a cikin mai cokali biyu, a sa tattasai da ɗan attaruhu, a juye waken tare da ɗan romonsa. Mutanen Meksiko suna son ƙamshin kumin, in akwai a barbaɗa, in babu citta da masoro sun isa. A danne rabin waken da bayan ludayi, a bar rabi da ƙwayarsa, har ya yi kauri. Kaurin nan da amfaninsa: shi ke riƙe sauran kayan, in kuwa ya yi ruwa tortiya za ta jiƙe ta yage a hannun yaro. Wajen gishiri a riƙe hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano da muke jefawa ba ƙidaya. Albasa da tafarnuwa da lemun tsami suna rufe giɓin fiye da yadda ake zato.

Tortiya ba ta da wuya. Kofi biyu na gari, rabi fulawa rabi garin alkama da aka niƙa da dusarsa, gishiri rabin ƙaramin cokali, mai cokali uku, ruwan ɗumi kusan kashi uku cikin huɗu na kofi. A kwaɓa, a murza na minti biyar, a rufe a bar shi ya huta minti 20 zuwa 30. Kada a tsallake hutun, don kwaɓin da bai huta ba yana ja da baya in ana murza shi. A raba shida ko takwas, a murza kowanne siriri da abin murji ko kwalba mai tsabta, a gasa a kasko mai zafi ba mai, ƙasa da minti ɗaya kowane gefe, da zarar ya yi ƙuraje masu ruwan ƙasa a juya. Wanda aka sauke a lulluɓe shi da kyalle mai tsabta, tururinsa ne ke sa shi laushi. In garin alkama zalla aka yi amfani da shi, ya fi amfani ga jiki amma yana saurin karyewa, shi ya sa na ce a raba. Wanda ba shi da lokaci ya sayi fai-fan shawarma, sai dai ya zaɓi madaidaici.

Sai ganye, kuma a nan ne yawancin masu gwada abincin ke yin rowa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, kuma da wuya ka ga gidan da ke kaiwa. A ganina rabin cikin burito ya kamata ya zama kayan lambu. A yanka tumatir da albasa ƙanana, a sa ɗan attaruhu, a matse lemun tsami, wannan shi ne haɗin da mutanen Meksiko ke ɗorawa a kai. A ƙara kabeji da karas, ko dafaffen zogale, ko alayyahu da aka ɗan turara, ko gasasshen dankalin Hausa. In lokacin piya ne, a murƙushe ta da lemun tsami a shafa, ta maye gurbin mayonis da mai mai kyau ga zuciya. Lemun tsami da tumatir ba don daɗi kaɗai ba ne. Ayon ɗin da ke cikin wake, sinadarin da ke ƙara jini, jiki ba ya jan sa da sauƙi kamar na nama, bitamin C ne ke taimaka masa. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka masu ciki da 'yan mata da duk mai ƙarancin jini su jinkirta shayi zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abincin.

Tunda ɗanye za a ci wasu daga cikin kayan, wanki ba wasa ba ne. Hannu da sabulu tukuna, sannan ganye da ruwan da kuka yarda ku sha, ba ruwan da aka ga dama ba. Lokacin damina ko in ana fama da amai da gudawa a unguwa, a bar ɗanyen latas da kabeji, a ɗan soya su ko a turara.

Shinkafa ba dole ba ce. Tortiya ta riga ta kawo sitaci, ƙara shinkafa ɗora kaya ne a kan kaya, musamman ga mai ciwon suga. In yara masu girma ne ko mai aikin ƙarfi, cokali biyu ko uku ba laifi. Cuku ma kaɗan ya isa. Kindirmo mai kauri cokali ɗaya yana yin aikin kirim ɗin da ake zubawa a can. Awara da aka murmushe aka soya sama-sama da albasa, ko ƙwai ɗaya, suna ƙara furotin. Ƙwai da madara suna da wani muhimmancin ga wanda ya bar nama gaba ɗaya: bitamin B12 ba a samun sa a wake ko ganye, kuma rashinsa yana taɓa jini da jijiyoyi. Wanda ba ya cin nama da kifi da ƙwai da nono duka, ya ga ma'aikacin lafiya a ba shi ƙwayarsa.

Naɗi kuma: a ɗumama tortiya, a shimfiɗa wake a ƙasa da tsakiya kaɗan, a ɗora sauran, a lanƙwaso gefe biyu, a naɗe daga ƙasa zuwa sama ana matsewa. A kifa bakin naɗin a kasko mai zafi na minti ɗaya ya kama. Yawan cusa kaya ne ke fasa shi.

Saurin da na yi muku alkawari yana wajen ajiya, haɗarin ma yana nan. Wake da aka dafa da yawa yana kwana uku zuwa huɗu a firij mai sanyi sosai, a firiza kuma ya yi watanni. Ana iya naɗe burito da wake da dafaffen ganye kaɗai a daskarar, ranar ci a ɗumama har cikinsa ya yi tururi, sannan a ƙara ɗanyen haɗi. Amma firij ɗin da wutarsa ke zuwa tana tafiya ba wurin ajiya ba ne, kada a yaudari kai. Ƙa'ida ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki, kuma zafin ƙasarmu ba ya ragi. Shinkafa ta fi kowanne haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta hayayyafa in shinkafar ta huce a waje, ta bar gubar da ɗumame ba ya kashewa. Gidan da babu tabbacin wuta, a jiƙa wake da dare, a dafa daidai na yini, a sake tafasa shi kafin kowane ci. Tortiya ita ce mai haƙuri, tana kai gobe a naɗe cikin kyalle da leda.

Yaro daga wata shida zai iya cin dagargajajjen waken da piya, a ɗebar masa kafin a sa yaji da gishiri, naɗin kuma sai ya iya tauna sosai. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa adadin wake da piya da tumatir da ya dace da shi, saboda yawan fotasiyam ɗinsu. Wanda alkama ba ta karɓe shi ba ya zuba kayan a kwano ya ci da dafaffiyar masara. Na 'yan makaranta kuma a bar kindirmo da ɗanyen tumatir a gida, a naɗa musu wake da soyayyen kabeji da karas, a ce su ci a tara ta farko.